Tutiya a Buhun Baba Sikeli

A filin da ake sayen tsofaffin ƙarafa, can bayan garejin manyan motoci, akwai wani bencin katako da ya sha baƙin mai har ya daina kama da katako. A kansa Baba Sikeli yake zama. Ba sunan yanka ba ne, amma ya daɗe da cinye na yankan. Hannunsa na dama ne ya jawo masa shi. Ka miƙa masa guntun ƙarfe, ko da fenti ya rufe shi ruf, sai ya ɗan jijjiga shi a tafin hannu kamar mai lallashin jinjiri, ya ce maka alminiyam ne, ko tutiya, ko dalma, ya wurga shi buhun da ya dace ba tare da ya ko waiwaya ba.

Aikin ba abin a zo a gani ba ne, amma shi ke riƙe da filin. Baƙin ƙarfe ba ya ba da wahala, maganaɗisu ya ishe shi. Jan ƙarfe launinsa ke tona masa asiri. Rigimar tana wajen farare, alminiyam da tutiya, waɗanda a ido 'yan uwa ne, a tukunya kuwa ba sa ga maciji. Masana'antar da ke sayen kayan narka su take yi, in tutiya ta yi yawa a cikin alminiyam, zubin ya tashi aiki. Kuma ba kowane hannu ke raba su ba, domin hannun ƙofa na tutiya mai rami a ciki yakan zo daidai a nauyi da na alminiyam wanda yake cike. Sai hannun da ya san kauri, ya san rami, ya san nauyi, duka a ɗagawa ɗaya.

Mutum biyu ne ke aiki kusa da bencin. Akwai Mai-Wuta, wanda ke yanka manyan ƙarafa da wutar gas, furfura ta fara yi masa sallama amma bakinsa bai tsufa ba. Akwai kuma Dogo, mai lodi, uban 'ya'ya da yawa, wanda ba ya iya ɗaukar buhu sai ya yi masa ƙorafi tukuna.

"Baba, ɗaga min wannan surukar tawa ka faɗa min ko zinariya ce," in ji Dogo wata rana, yana miƙo masa murfin tsohuwar tukunya.

"Wannan ai ta fi surukarka daraja. Ita wannan ana iya rufe ta."

Mai-Wuta ya kashe wutarsa don ya yi dariya da kyau.

Irin wannan ce hirar, tun safe har rana ta yi sanyi. Abin da su biyun ba su sani ba shi ne, ita ce kaɗai hirar da Baba Sikeli ke samu. Daga ya fita ƙofar filin zuwa washegari, in ya buɗe baki to da mai shayi ne, ya ce a rage sukari. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya. 'Yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa, takan kira shi a waya in ta samu sarari, kuma sararin mai yara ba ya yawa. Ɗakinsa yana da kujeru biyu, ɗaya ta zama wurin ajiye wanki. Akwai fanka a sama mai kukan da ya saba da shi har yakan ji kamar gyaran murya take yi za ta ce wani abu. Ranar da ba a aiki ita ce ranar da ya fi tsana. Yakan share ɗakin, ya sake sharewa, sannan ya zauna yana kallon tsintsiyar.

To, wata safiya ya farka ya ji hannunsa na dama kamar an ara masa na wani. Likita ya ce ƙaramin shanyewar jiki ne, ya gode wa Allah da abin ya tsaya nan, ya ba shi ƙwayoyi. Cikin 'yan kwanaki yatsun suka dawo, suna damƙa, suna saki. Amma hannun ya kurmance. Ya ɗaga kwaɗon ƙofa, ya ɗaga cokali, duk labari ɗaya suke ba shi, wato babu labari.

Bai gaya wa kowa ba. Da 'yarsa ta kira ya ce mata lafiya lau, sai zafi. A fili kuwa ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Mai hankali zai ce ai sai ya koma hagu. Ya gwada a ɗaki. Hagun ba ta je makarantar ba, manyan abubuwa kawai take ganewa, irin waɗanda ko Dogo zai gane. Ban da haka, ranar da aka ga Baba Sikeli yana jijjiga ƙarfe da hagu, ranar kowa zai san an yi gobara a gidan. Don haka ya ci gaba da ɗagawa da dama, yana jijjigawa yadda ya saba, yana ɗan karkata kai kamar mai sauraro, alhali da ido yake canka. Wani lokaci ya dace. Wani lokaci Allah kaɗai ya sani.

Kwanaki suka yi ta tafiya, babu wanda ya ce uffan. Har ya fara tunanin ko dama can ido ne ke aikin, hannu suna kawai ya ci.

Sai ranar da motar masana'anta ta dawo da lodi guda, ta juye shi a tsakiyar fili kamar mai mayar da kayan aro cikin fushi. Mai filin, wanda kowa ke kira Ƙaramin Maigida don ya gaji wurin daga mahaifinsa, ya fito daga ofis ya tsaya a kan kayan yana shafa ƙeya. Baba Sikeli ya goya shi a kafaɗa yana yaro, ya sha cire masa tsinin waya a ƙafa. Ƙaramin Maigida ya dubi kowa a filin ban da shi.

Bayan motar sai ga wata mata ta shigo, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta masana'antar, da jaka a kafaɗa da takalman roba. Ta gaishe su da ladabi, ta ce an turo ta ne ta nuna musu hanyar da za su riƙa tantance kaya kafin su tura, don kada a riƙa wahalar da mota. Ta ciro ƙaramin sikeli mai ƙugiya da zare, ta nemi a kawo mata bokitin ruwa.

"Malama, wanka za a yi musu?" in ji Dogo. "In da sabulu ne ki fara da Mai-Wuta."

Ta yi murmushi. "Kawu, ruwan nan alƙali ne. Ba ya karɓar cin hanci."

Ta ɗaure wani guntu da zare, ta rataya a ƙugiya, ta nuna musu abin da sikelin ya ce. Sannan ta nutsa guntun a ruwa, yana rataye bai taɓa gindin bokiti ba, ta jira kumfar iskar da ke cikin raminsa ta gama fita. Nauyin ya ragu.

"Kun gani? Komai ya shiga ruwa sai ya yi asarar nauyi daidai da ruwan da ya ture. Alminiyam jikinsa babba ne, nauyinsa kaɗan, don haka yakan yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. Tutiya kuwa ɗan kaɗan take ragewa, kamar ɗaya cikin bakwai. Dalma ma ta fi ta rowa. Kowane ƙarfe da nasa, ba ya canzawa, ko an yi masa fenti, ko an lanƙwasa shi, ko an kira shi da sunan wani."

Mai-Wuta ya ɗaga gilashin fuskarsa. "To me ya sa? Ba duka ƙarfe ba ne?"

"Kowanne an gina shi ne da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, ƙwayar zarra ake ce musu. Ƙwayar tutiya ɗaya ta ninka ta alminiyam nauyi fiye da sau biyu. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne yadda suke zaune da juna, a matse ko a sake. Ka ga ƙwayar dalma ta ɗan fi ta zinariya nauyi, amma in ka ɗauki zinariya da dalma masu girma ɗaya, zinariyar ce za ta rinjaya nesa ba kusa ba. Don ita ƙwayoyinta a manne suke da juna, babu wurin da iska za ta bi."

"Ashe gidana zinariya ne," in ji Dogo. "Mu ma a manne muke, ko juyi ba a yi."

Aka yi dariya, har da Baba Sikeli, wanda ya ji maganar ta shige shi ta wata ƙofa da bai san a buɗe take ba.

Malamar ta waiga tana neman abin da za ta ƙara gwadawa. Buhu mafi kusa da ita shi ne na gefen benci, na alminiyam, wanda ya cika tun safe. Ba ta san na wane ne ba. Ta zura hannu ta ciro wani hannun ƙofar mota, ta rataya, ta nutsa.

"Yauwa, ga misali. Wannan tutiya ce."

Ta sake ciro wani. Shi ma tutiya. Ta sake. Wannan karon alminiyam ne, amma na bayansa ya koma gidan jiya. Ta jera su a ƙasa tana bayani, ba ta lura filin ya yi tsit ba, har ƙarar fankar ofis ana ji.

"Ni ne," in ji Mai-Wuta da sauri. "Ɗazu na kwaso tarkace na zuba a nan, na ɗauka buhun shara ne."

Shekara da shekaru Baba Sikeli yana zaune kusa da mutumin nan, bai taɓa ganin ya sa hannu a buhun da ba nasa ba. Ya dube shi. Mai-Wuta ya sauke gilashinsa ya rufe fuska, alhali wutarsa a kashe take.

Da aka tashi, Baba Sikeli ya wanke hannu, ya yi sallama, ya fita kamar kullum. Amma ƙafarsa ta ƙi ɗaukar hanyar gida. Ya tsaya a inuwar wata babbar mota da aka cire wa tayoyi, yana kallon masu wucewa, kowa da inda ake jiransa. Can sai ya ga gara ya koma ya dubi buhun nan da kansa, ko ido zai gaya masa inda ya kauce.

Ƙofar filin a sakaye take. Ta tsagar ya hango su. Sun juye buhunansa duka a ƙasa, Mai-Wuta a tsugune, Dogo a durƙushe, suna ɗaga guntaye ɗaya bayan ɗaya, suna kankara da wuƙa, suna gardama ƙasa-ƙasa. Yadda suke yi ba irin na sabon shiga ba ne. Kowa ya san gefensa.

"Ranar da matarka ta haihu ne muka yi sauri," in ji Mai-Wuta. "Shi ne lodin da aka dawo da shi."

"To ya za a yi? Tun watan da ya ce zazzaɓi nake gaya maka a faɗa masa."

"Kai ka faɗa masa mana, tunda kai ne mai baki. Ƙaramin Maigida ma ya kasa. Ya ce nauyinsa yake ji."

Baba Sikeli ya ja da baya a hankali, kada tsakuwa ta yi ƙara.

A ɗaki bai kunna rediyo ba. Ya zauna a kujerarsa, ya dubi ɗayar da wankinta. Ashe duk wannan lokacin da yake jijjiga hannu yana karkata kai, wasan kwaikwayo yake yi wa mutanen da suka riga suka san ƙarshen labarin. Kuma suna yi masa dariyar barkwancinsa. Ya shiga tuna dariyar ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa, yana son ya gane wacce ce ta gaske, wacce ce ta tausayi, sai ya tarar nan ma ba shi da hannun.

Ya kira 'yarsa. Ta ɗauka, hayaniyar yara ta riga muryarta isowa.

"Baba, lafiya? Kai ne da kira yau?"

"Lafiya lau, uwata. Na ce bari in ji ku."

"Wallahi muna nan. Kai, sauka daga nan! Baba yi haƙuri, wannan mai sunan naka zai kashe ni. Kana shan maganin hawan jinin dai ko?"

"Ina sha."

"To bari in sauke tukunya, zan kira ka."

Ya riƙe wayar bayan ta katse, har hasken fuskarta ya mutu. Gidan can a matse yake, babu wurin da iska za ta bi. Nasa kuwa iska ce ta fi yawa.

Washegari bai nufi benci ba, ofis ya shiga. Ƙaramin Maigida ya miƙe tsaye, ya jawo masa kujera, ya shiga gaisuwa mai tsawo irin ta wanda ke tsoron abin da zai biyo bayanta.

"Zauna, ɗana. Hannuna ya mutu. Ka sani, na sani, har bokitin Malama ya sani."

Ƙaramin Maigida ya sunkuyar da kai. "Baba, ai kai uba ne a wurin nan. Dama ina tunanin a sa maka kujera mai kyau a bakin ƙofa, cikin inuwa. Ka riƙa ganin shige da fice, kana sa mana albarka. Babu abin da zai ragu a haƙƙinka."

"Kujerar bakin ƙofa. A riƙa gaishe ni ana wucewa, kamar allon sanarwa."

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Nauyinka nake ji."

"Na san kana ji. Shi ne ciwon. Mahaifinka bai taɓa jin nauyina ba, auna ni yake yi. In na yi daidai ya yi shiru, in na kauce ya zage ni tas, mu ci abinci tare. Kai kuwa ka bar magidanta biyu suna kwasar kashina kullum bayan an tashi, iyalansu suna jira. Wannan ba girmamawa ba ce, ɗaukar gawa ce ba a gaya mata ta mutu ba."

Baba Sikeli ya gyara zama, ya ci gaba.

"Malama ta bar sikelin nan?"

"Ta bari."

"To ba ni. Dogo ya hau benci, idonsa ya fara buɗewa, na ga aikinsa jiya ta tsagar ƙofa. Abin da ya gane ya wuce da shi. Abin da ya shige masa duhu a tara min, in tambayi ruwa. In aka sake dawo da mota saboda buhuna, ka sallame ni da bakinka, kana kallon idona. Ka iya?"

Ƙaramin Maigida ya ɗago kai ya dube shi. "Zan iya, Baba."

"Madalla. Yau ka yi kama da ubanka."

Abin da bai lissafa ba shi ne famfo. Aikin ruwa yake ci, mai da tsatsa sukan ɓata bokiti nan da nan, kuma famfo ɗaya ne a filin, can ƙurya, bayan tulin matattun firji da aka jibga har sun fi mutum tsawo. Nan aka kai masa kujera da wani ƙarfe da aka kafa don rataya sikeli. Daga wurin ba a ganin benci, ba a ganin ƙofa. Bango ne, da famfo mai ɗiga, da fararen firji a jere bakinsu a buɗe.

Aikin yana tafiya, ba laifi. A hankali yake, amma ba ya ƙarya. Ya ɗaura, ya duba, ya nutsa, ya jira kumfa ta ƙare, ya sake dubawa. Wanda ya yi asara da yawa ya tafi dama, mai rowa ya tafi hagu. Da safe Dogo yakan kawo kwandon abubuwan da suka gagare shi, ya ajiye, ya yi tsokana ɗaya a tsaye, ya koma da gudu domin benci ba ya jira. Mota ba ta sake dawowa ba.

Sai dai hira ba ta zagayo firji. Abin da ke iso shi guntaye ne: ƙarar guduma, hucin wutar gas, sai kuma can a ji dariya ta tashi gaba ɗaya. Yakan tsaya da zare a hannu, ya karkata kai, ko zai tsinci abin da aka faɗa. Ba ya tsinta. Wani lokaci amsar da ta dace takan zo masa a baki, irin mai sa Mai-Wuta ya kashe wuta, sai ya faɗe ta a hankali, bokiti ya ji.

Wata rana da azahar, rana ta take, ya ji takun mutum yana zagayowa. Mai-Wuta ne, gilashi a goshi, riƙe da wani abu a hannu.

"Baba, duba min wannan. Ya rikita ni."

Baba Sikeli ya karɓa. Kan batirin mota ne, toka-toka, mai laushin da farce ma zai shata shi. Dalma ce tsagwaronta. Ko makaho ya san ta, balle mutumin da ya tsufa yana narka ta.

Ya ɗaga ido ya dubi Mai-Wuta. Shi kuwa ya riga ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna, yana fifita da hularsa, yana kallon bango kamar an rubuta wani abu a jiki.

Maganar ta zo wa Baba Sikeli har bakin leɓe. Ya san abin da zai ce, kuma ya san in ya faɗa mutumin zai tashi ya tafi, ba zai sake kawo irin wannan ba.

"Hmm," ya ce. "Irin waɗannan sai an bi su a hankali."

Ya zubar da ruwan bokitin, ko da yake bai yi datti ba, ya tara sabo. Famfon ba shi da ƙarfi, zai ɗauki lokaci kafin ya cika.

"Kafin nan," ya ce, yana neman bakin zaren, "me Dogo ya faɗa ɗazu da kuka kusa tsaga filin?"